Ma'anar Yang di-Pertua Negeri: gwamnan da ba ya mulki a Malesiya

Mai bin labaran Malesiya zai riƙa cin karo da wani muƙami da ake kira Yang di-Pertua Negeri, wanda 'yan jarida kan taƙaita su ce gwamna. Da an ce gwamna, hankalin ɗan Najeriya zai tafi ga mutumin da aka zaɓa da ƙuri'a, mai baitulmali a hannu, mai naɗa kwamishinoni ya sauke su. Na Malesiya ba haka yake ba. Shi uban jiha ne da ake naɗawa, ba ya tsayawa takara, ba ya tsara kasafin kuɗi, ba ya ba da kwangila. Gwamnati tana hannun babban ministan jiha, wanda ke fitowa daga majalisar dokoki.

Malesiya tarayya ce mai jihohi 13. Tara daga ciki suna da sarakunan gado, irin su Johor da Kedah da Selangor da Pahang, kuma su ne ke zaɓar ɗaya daga cikinsu ya zama sarkin ƙasa, wato Agong, na tsawon shekara biyar. Sultan Ibrahim na Johor ne ya hau wannan kujera a Janairun 2024. Sauran jihohi huɗun, Penang da Melaka da Sabah da Sarawak, ba su da sarki, kuma kowace da dalilinta. Daular Melaka ta faɗi hannun Turawan Fotugal tun 1511. Penang tsibiri ne da kamfanin Ingila ya karɓa daga hannun Sultan na Kedah a 1786. Sarawak ta shafe shekara ɗari da 'yan kai a hannun wani gidan Turawa mai suna Brooke, Sabah kuwa wani kamfanin Ingila ne ya riƙe ta. Da aka sami 'yancin kai a 1957, aka kuma kafa Malesiya a 1963, tsarin mulkin majalisa ya buƙaci kowace jiha ta sami wanda zai zauna a mazaunin sarki. Inda babu sarki sai aka naɗa gwamna.

Agong ne ke naɗa shi bayan ya tuntuɓi babban ministan jihar. Wa'adinsa shekara huɗu ne, ana iya sabuntawa. Ba a tsige shi sai majalisar jiha ta nemi haka da ƙuri'ar kashi biyu cikin uku na 'ya'yanta.

Aikinsa na yau da kullum na biki ne da sa hannu. Shi ke buɗe zaman majalisa da jawabin da gwamnati ta rubuta masa, shi ke rattaba hannu a kan doka, shi ke rantsar da 'yan majalisar zartarwa. Ranar bikin haihuwarsa hutu ce a jihar, kuma a lokacin ne yake raba lambobin girma, ciki har da laƙabin Datuk da manyan 'yan kasuwa da 'yan siyasa ke rububi a kai. Yana da ikon yi wa fursuna afuwa kan laifin da aka aikata a jiharsa, amma bisa shawarar hukumar afuwa.

Duk da an zaunar da shi a mazaunin sarki, bai kai sarki ba. Yana halartar Majalisar Sarakuna, sai dai idan aka zo zaɓen Agong ko maganar alfarmar sarakuna, ba shi da ta cewa, kuma shi kansa ba zai taɓa zama Agong ba. Sultan shi ne shugaban addinin Musulunci a jiharsa, gwamna kuwa ba ya riƙe wannan matsayi, Agong ne ke riƙe shi a jihohin huɗu. Abin mamaki ga wanda bai sani ba, gwamnan Melaka na farko a 1957, Leong Yew Koh, ɗan asalin Sin ne, abin da ba zai yiwu a gadon sarautar Malayu ba.

Wanda ya tsaya a nan zai ce ai wannan gwamnan jeka-na-yi-ka ne. To amma tsarin mulki ya bar masa abu biyu da yake yi da ra'ayin kansa. Shi ke duba wane ɗan majalisa ne yake ganin zai sami goyon bayan masu rinjaye, ya naɗa shi babban minista. Kuma idan babban minista ya nemi a rusa majalisa a sake zaɓe, yana iya ƙi. Muddin jam'iyya guda ta ci zaɓe da rata mai faɗi, waɗannan ikon biyu barci suke yi. Ranar da lissafi ya rikice, kowa gidan gwamna yake nufa.

Sabah ta fi kowa sanin wannan. A zaɓen Afrilun 1985 jam'iyyar PBS ta Joseph Pairin Kitingan ta sami ƙaramin rinjaye a kujeru 48. Cikin daren da aka faɗi sakamako, Tun Mustapha na jam'iyyar USNO ya isa fadar gwamna Adnan Robert da mutanensa, da hujjar cewa idan ya haɗa kai da jam'iyyar Berjaya, aka kuma ƙara kujeru shida da ake naɗawa, shi ke da rinjaye. Da asuba aka rantsar da shi. Kafin a kwana aka soke naɗin aka rantsar da Pairin. Daga baya kotu ta ce naɗin Mustapha bai inganta ba, don matsa wa gwamnan aka yi. Bayan shekara 33 sai ga irinta: a Mayun 2018 gwamna Juhar Mahiruddin ya rantsar da Musa Aman ranar 10 ga wata, wasu 'yan majalisa suka sauya sheƙa, ranar 12 ga wata ya rantsar da Shafie Apdal.

Shari'ar da ta fi shahara kuwa ta Sarawak ce, kuma a nan Najeriya ta shigo. A Yunin 1966 'yan majalisa 21 cikin 42 suka rubuta wa gwamna Abang Haji Openg takarda cewa sun janye goyon baya daga babban minista Stephen Kalong Ningkan. Gwamna ya sauke shi, Ningkan ya garzaya kotu. Hujjar da aka kawo don kare gwamna daga Jihar Yamma ta Najeriya aka ɗauko ta. Mu ma ai mun yi irin wannan tsari: daga 1960 zuwa 1963 Sarauniyar Ingila ce shugabar ƙasa, kowace jiha da gwamnanta na alfarma da firimiyanta mai mulki. A Arewa Sir Kashim Ibrahim ya zama gwamna a 1962, Sardauna yana firimiya. A Yamma, cikin Mayun 1962, gwamna Sir Adesoji Aderemi, Ooni na Ife, ya sauke Akintola bisa takardar da 'yan majalisa 66 suka sa wa hannu, ba tare da an kaɗa ƙuri'a a zauren majalisa ba. Kotun ɗaukaka ƙara ta ƙarshe da ke Landan ta ce a 1963 gwamnan yana da wannan iko. Alƙalin Sarawak ya duba ya ce kalmomin tsarin mulkin biyu ba ɗaya ba ne, a Sarawak ƙuri'ar majalisa ce kaɗai ke nuna rashin amincewa, kuma 21 cikin 42 ba rinjaye ba ne. Ya mayar da Ningkan kan kujerarsa. Nasarar ba ta daɗe ba. Gwamnatin tarayya ta kafa dokar ta-ɓaci a Sarawak, kamar yadda Legas ta yi a Jihar Yamma, aka gyara doka, majalisa ta zauna ta kaɗa ƙuri'a, Ningkan ya tafi.

A ganina raunin muƙamin yana wajen su wa ake ba shi. Sultan gadonsa ya gada, ba ya jiran wani ya sabunta masa wa'adi, don haka yana iya kallon ɗan siyasa ido da ido. Gwamna kuwa sau da yawa tsohon ɗan siyasa ne da aka nema wa wurin hutawa. Abdul Taib Mahmud ya yi shekara 33 yana babban ministan Sarawak, ya sauka a 2014 ya wuce kai tsaye gidan gwamna, ya zauna har 2024. Mohd Ali Rustam, tsohon babban ministan Melaka, ya zama gwamnanta a 2020. Wanda ya yi rabin rayuwarsa a jam'iyya, da wuya 'yan adawa su yarda ya zama alƙalin wasa don kawai ya sauya gida. Masu kare tsarin na cewa gogaggen ɗan siyasa ya fi kowa sanin dabarun masu sauya sheƙa, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Musa Aman, wanda gwamna ya maye gurbinsa da Shafie Apdal bayan kwana biyu a 2018 har ya kai ƙara kotu yana cewa gwamna ba shi da ikon yin haka, shi aka naɗa gwamnan Sabah a Janairun 2025.