Me ake nufi da SMuFL?

Duk wanda ya taɓa buga Hausa a kwamfuta kafin Unicode, tsarin da ke ba kowane harafi lambarsa a kwamfuta, ta kankama ya san wahalar ƙ, ɗ da ɓ. Ka rubuta abinka tsaf, ka tura wa wani, ya buɗe ya tarar da akwatuna a inda ka sa haruffan. Irin wannan ciwon kai ne masu buga rubutun kiɗan Turawa suka daɗe suna fama da shi, kuma SMuFL shi ne maganin da aka samo masa.

SMuFL gajeren suna ne na Standard Music Font Layout, wani tsari da ke ba kowace alamar kiɗa gurbinta na dindindin a cikin font, wato salon zanen haruffa da alamomi a kwamfuta. Daniel Spreadbury na kamfanin Steinberg ya fito da shi a 2013 tare da font mai suna Bravura, daga baya ragamarsa ta koma hannun wani kwamiti a ƙarƙashin W3C, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin yanar gizo. Alamomin suna zaune ne a sashen Unicode da aka keɓe don kowa ya sa abin da yake so, daga U+E000 zuwa gaba. Manhajojin rubuta kiɗa irin su Dorico da MuseScore da shi suke aiki, shi ya sa za ka canza font amma alamominka su tsaya a inda ka ajiye su.

Inda amfaninsa ya fi fitowa fili shi ne alamomin ado na kiɗan ƙarni na 17 da na 18. Makaɗan harpsichord na Faransa, wani abin kiɗa mai maɓallai da ya riga piyano, ba sa rubuta kowane sauti. Sai su ɗora wata 'yar alama a kan sautin, mai kiɗa ya san a nan zai karkaɗa yatsu ko ya ɗan leƙa sautin da ke ƙasa ya dawo. Matsalar ita ce kowane gwani da nasa hannun. A cikin waɗannan gwanaye, D'Anglebert ya buga jadawalin alamominsa a 1689, Couperin ya fito da nasa a 1713, kuma ba su zo ɗaya ba: abin da Faransawa ke kira pincé, wato leƙa sautin ƙasa a dawo, D'Anglebert yana nuna shi da ɗan lanƙwasa kamar waƙafi a gefen sautin, Couperin kuwa da ɗan zane mai haƙora da layi ya ratsa, a sama. Bach, shahararren makaɗin Jamus, shi ma sai da ya zauna ya rubuta wa ɗansa Wilhelm Friedemann jadawali a littafin koyonsa na 1720. Mai buga tsohon kiɗa da ya maye duk waɗannan da alama ɗaya ta zamani ya goge sa hannun mai shi ke nan. SMuFL ya ware wa irin waɗannan alamomi gurabe, har wasu na ɗauke da sunan Couperin.

Sai dai zana alama daban, kaɗa ta daban. A zamanin Bach galibi ana fara karkaɗawa daga sautin sama, amma manhaja na iya zana alamar daidai ta kaɗa maka ta da salon baya-bayan nan. Ni ban cika yarda da abin da lasifika ke faɗa mini a nan ba. A manhajar rubuta kiɗa ta LilyPond, wadda ke da nata font, umarnin \prall da na \mordent ɗan layi a tsaye ne kaɗai ya raba zanensu, amma na farko sama yake leƙawa, na biyu ƙasa.