Waiwaye: Shekarun da Aka Daina Karanta Sandar Bakin Kogi

Duk sanda ambaliya ta ci gari, gardama ɗaya ce ke tashi: me ya sa gargaɗi bai iso da wuri ba? An yi ta bayan ambaliyar Jamus da Beljiyam a watan Yulin 2021, aka kuma maimaita a 2022 da ruwa ya halaka mutum sama da 1,700 a Pakistan. Wasu su ce sauyin yanayi, wasu su ce madatsun ruwa. Duk suna da hannu, amma ruwa ba ya tsami banza: akwai kuma batun daina auna koguna.

Auna kogi tsohon aiki ne. Tun shekarar 861 aka kafa ginshiƙin awo a tsibirin Rauda da ke Alƙahira don duba hawan Nilu. Faransa ta fara gargaɗin ambaliya a kogin Seine a 1854, Amurka ta kafa tashar awo ta farko a kan kogin Rio Grande a 1889. Zuwa ƙarshen shekarun 1970, tashoshi sun yawaita a duniya.

Daga nan abin ya juya, kuma nan ne ba a cika waiwaya ba. Tashar awo a mafi yawan wurare ba wani babban gini ba ce: sanda ce mai zane-zanen lamba a kafe a gaɓa, sai mutum guda da ke zuwa safe da yamma ya duba inda ruwa ya tsaya, ya rubuta a littafi. Da matsin tattalin arziki ya kama ƙasashe da dama a shekarun 1980, ɗan alawus ɗin wannan mutum na cikin abin da aka fara yankewa. A yankin Sahel ma fari ake fama da shi, wa ke tunanin ambaliya kogi na ƙafewa? Rushewar Tarayyar Sobiyat a 1991 ta ƙara rufe wasu tashoshin masu yawa. Sanda ta karye ba a maye ta ba, littafi ya cika ba a kawo sabo ba.

Asarar ta wuce littafi. Lambar da ke jikin sanda ba ta faɗin yawan ruwan da ke wucewa sai an gwada ta da awon gudun ruwa, kuma dole a riƙa sabunta gwajin, domin yashi na cike gurbin kogi, gaɓa na zaizayewa. Shekarar da ba a auna ba ta tafi ke nan. A ganina, wannan giɓin ne ya sa yau ake kintace a kan koguna da yawa da alƙaluman da suka girmi mutanen da ke zaune a bakinsu.

Tauraron ɗan'adam ya taimaka ƙwarai. Wani mai suna SWOT da aka harba a Disamban 2022 yana auna tsayin ruwan manyan koguna daga sama, sai dai zagayensa kwana 21 ne, ƙananan koguna kuwa kan cika su tumbatsa cikin dare ɗaya.