Me ake nufi da "infekshan" idan yaro yana gudawa?

Tun daga ɓarkewar kwalara a Legas a watan Yunin 2024, kalmar "infekshan" ta zauna a bakin jama'a, daga masu tallan magani a rediyo har zuwa masu kemis na Agege da Idi-Araba. Ma'anarta ba ta wuce shigar ƙwayar cuta cikin jiki ta hayayyafa ba, amma abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda uwa da ta ji ta take ɗauka an ce mata ta sayi antibayotik, wato maganin kashe ƙwayoyin cuta na bakteriya.

Gudawa mai ruwa-ruwa da amai ga yara 'yan ƙasa da shekara 5, galibi bairos ne ke kawo ta, wato wata irin ƙwayar cuta daban da bakteriya, musamman wanda ake kira rota, wanda Najeriya ta sa rigakafinsa cikin na jarirai a 2022. Antibayotik irin su Flagyl da Septrin ba sa yi wa bairos komai. Abin da yaron yake bukata shi ne ruwan gishiri da sukari na ORS, da maganin zinc na kwana 10 zuwa 14, da ci gaba da shan mama.

Akwai inda kalmar ta isa a ji tsoronta, kuma nan ne ba a cika bayani ba. Rota yana lalata fatar cikin hanji, wadda ita ce katangar da ke tsare bakteriya irin su E. coli da Klebsiella da dama can suke zaune a hanjin, kuma idan ta yi rauni suna iya kutsawa cikin jini. Likitoci suna kiran wannan sefsis. Ba kasafai yake faruwa ba, amma ya fi kama jarirai da masu tamowa, kuma yana kisa da sauri. Uwa za ta ga gudawar ta lafa, yaro ya fara wasa, sai bayan kwana biyu ko uku zazzabi ya dawo, jiki ya saki, numfashi ya yi sama-sama, tafin ƙafa ya yi sanyi, ya ƙi karɓar mama. Kada a ce haƙori ne. Cuta ta biyu ce ta hau kan ta farko, kuma maganinta antibayotik ne na allura a asibiti, bayan an ɗebi jini domin gwaji.

Antibayotik ɗin da aka ɗura wa yaro tun ranar farko ba tabbacin kariya ba ne, yana ma iya ɓoye ƙwayar a gwajin jinin, ya kuma sa bakteriya su daina jin magani. Idan aka ga jini a kashin yaro, shi ma asibiti za a nufa a ranar.