Mario da Sonic a fili ɗaya: tambayoyi da amsoshi kan wasan Olamfik da ake jira a Wii

Na rubuta wannan ne a ƙarshen watan Oktoba na 2007, lokacin da ya rage kwanaki kaɗan wasan Mario & Sonic at the Olympic Games ya shiga kasuwa. Tun watan Maris nake bin labarinsa, kuma duk inda masu son gem suka haɗu tambayoyin kusan iri ɗaya ne. Ga waɗanda aka fi yi.

Wane irin wasa ne, kuma yaushe zai fito?

Wasan motsa jiki ne na talabijin da aka gina a kan gasar Olamfik da za a buɗe a Beijin, babban birnin ƙasar Sin, ranar 8 ga Agusta 2008. Kamfanin Sega ne ya haɗa shi da izinin kwamitin Olamfik na duniya, shi ya sa filayen da ke ciki kwaikwayon na gaske ne, har da babban filin nan mai kama da sheƙar tsuntsu. Na Wii, na'urar gem ta kamfanin Nintendo da ake jonawa da talabijin, zai fito a Amurka ranar 6 ga Nuwamba, Japan 22 ga wata, Turai 23. Na ƙaramar na'urar hannu, Nintendo DS, sai farkon 2008.

Me ya sa haɗuwar Mario da Sonic ta zama abin magana haka?

Wanda bai ga shekarun 1990 ba zai ɗauka 'yan tsana biyu ne kawai aka haɗa a faifai ɗaya. Ba haka abin yake ba. Mario, mai gyaran famfon nan mai jar hula, ya fara bayyana a 1981, kuma daga 1985 ya zama fuskar Nintendo. Sega ta ga ba za ta iya karawa da Nintendo ba sai da nata gwarzon, sai ta fito da Sonic a 1991 a kan na'urarta Mega Drive: shuɗiyar bushiya mai gudun tsiya, da aka ƙera da gangan don Mario ya zama kamar mai tafiyar hawainiya a gefenta. Tallace-tallacen Sega a Amurka ba su ɓoye komai ba, kai tsaye suke yi wa Nintendo habaici. Yara suka rabu gida biyu. Ko a gidajen gem namu an yi wannan musun, wasu na Mario ne, wasu kuwa ba su san komai ba sai Sonic.

Kishiyoyin sun zauna haka har farkon 2001, lokacin da Sega ta daina ƙera na'ura bayan na'urarta ta ƙarshe, Dreamcast, ta kasa tsayawa a kasuwa, ta koma yin wasanni ga na'urorin wasu. Daga nan Sonic ya fara leƙa gidan Nintendo, amma bai taɓa tsayawa kusa da Mario a wasa ɗaya ba. Shi ya sa da kamfanonin biyu suka yi sanarwa ranar 28 ga Maris 2007, mutane da yawa suka ƙi yarda. Ranar ta yi kusa da 1 ga Afrilu, ranar da Turawa ke zolayar juna da labaran ƙarya, aka ɗauka wasa ne. Ashe gaskiya ce. Kuma Shigeru Miyamoto, wanda ya ƙirƙiri Mario, shi ne ke sa ido a kan aikin daga ɓangaren Nintendo.

Zaɓen Olamfik a matsayin mahaɗa ya yi daidai. Da an jefa Sonic cikin duniyar Mario, ko Mario cikin ta Sonic, dole ɗaya ya zama baƙo a gidan ɗaya. Filin gasa kuwa ba gidan kowa ba ne.

Su wa ke ciki?

Mutum 16, takwas daga kowane gida. Gidan Mario akwai shi kansa, Luigi, Peach, Daisy, Yoshi, Wario, Waluigi da Bowser. Gidan Sonic akwai shi, Tails, Knuckles, Amy, Shadow, Blaze, Vector da Dr. Eggman. Wanda ya zana kansa a Wii, abin da ake kira Mii, shi ma zai iya shiga da hoton nasa.

To ai Sonic zai cinye kowane tsere. Ina gasa a nan?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace fitowa. An raba 'yan wasan kashi huɗu: masu gudu, masu ƙarfi, masu dabara, da waɗanda suka taɓa kowane fanni. Sonic da Shadow suna cikin masu gudu, Bowser da Knuckles cikin masu ƙarfi, Peach da Tails cikin masu dabara, Mario kuwa yana tsakiya. Gudun Sonic an rage shi ya dawo na ɗan Adam, don haka fifikonsa a mita 100 kaɗan ne, hannun mai riƙe da rimot ne zai yanke hukunci. A jifan guduma kuma Bowser ya fi shi nesa ba kusa ba. Sannan duk wanda ya yi wasan Sonic na da ya san ba ya iya ruwa, nutsewa yake yi. Masu haɗa wasan ba su manta ba: a gasar ninƙaya da rigar hana nutsewa yake shiga. Irin wannan kula da halin kowane ɗan wasa tana cikin abin da ya sa nake kyautata zato.

Yaya ake sarrafa shi da motsin hannu?

Nan ne zuciyar maganar, kuma nan ne wasan zai tashi ko ya faɗi. Sunayen Mario da Sonic za su sayar da faifai ko yaya yake, amma ba su ne za su sa a sake kunna shi bayan mako biyu ba.

Hannun gem na Wii kamar rimot ɗin talabijin yake. A cikinsa akwai ɗan ƙaramin ma'auni da ke jin girgiza da karkata ta kowace fuska, a goshinsa kuma akwai ido da ke hango fitilun wata siririyar sanda da ake ɗorawa a kan talabijin, da ita yake gane inda aka nuna shi. Akwai hannu na biyu, Nunchuk, da ake jonawa da waya, shi ma yana jin motsi. A tseren mita 100 za ka riƙe ɗaya a dama ɗaya a hagu, kana ɗaga su kana saukewa bi da bi kamar yadda hannun mai gudu ke yi. A jifan guduma za ka riƙa juya rimot a sama kafin ka saki. A dogon tsalle gudu za ka fara yi, sannan ka fizgi rimot sama daidai bakin layi. Harbin kibiya kuwa natsuwa yake so, ka ja baya kamar mai jan tsirkiya, ka daidaita hannu biyu. Akwai ƙwallon tebur, wasan takobi, tseren kwale-kwale, gudun tsallake shinge, gudun miƙa sanda, da jifan mashi. Ban da na Olamfik guda 20, an ƙara wasu huɗu na mafarki, inda ake amfani da kayan faɗa irin na duniyar Mario da Sonic.

Asalin wannan salo tsoho ne. Tun 1983 kamfanin Konami ya yi wasan guje-guje da tsalle-tsalle inda ake dukan maɓalli da sauri har yatsa ya gaji. Abin da Wii ta yi shi ne ɗauke aikin daga yatsa ta mayar da shi kafaɗa da damtse. Wanda ya yi Wii Sports, wasan da ke zuwa tare da na'urar a Amurka da Turai tun fitowarta a ƙarshen 2006, ya san daɗin abin: tsoho da yaro duk suna gane shi ba tare da an yi musu dogon bayani ba.

Akwai abin tsoro?

Akwai, kuma ba zan ɓoye shi ba. Rimot ɗin yana jin cewa an motsa shi da ƙarfi, amma bai san ainihin inda hannunka yake a sarari ba. Saboda haka wasu wasannin Wii da suka fito a shekarar farko suka zama girgiza kawai: wanda ya zauna a kujera yana kaɗa wuyan hannu ya doke wanda ya miƙe yana yi da gaske. Idan gudu da ninƙaya da kwale-kwale duk suka koma girgiza iri ɗaya da sunaye daban, to an yi asarar babbar dama. Abin da nake fata shi ne kowane fanni ya sami nasa lokacin da nasa awon, yadda wanda ya ƙware zai bambanta da wanda ya fi ƙarfin damtse. Jifa da tsalle da harbi sun fi ba ni ƙwarin gwiwa, domin a cikinsu sanin lokacin saki ya fi ƙarfi amfani.

Sai batun tsaro. A Disamba 2006 Nintendo ta fara sauya igiyar da ake ɗaura rimot a wuyan hannu da mai kauri, bayan ta farko ta riƙa tsinkewa rimot na tashi ya fasa talabijin. A Oktoba 2007 kuma ta fara raba rigar roba ta rimot. Wasan da ke sa mutum juya hannu da iyakar ƙarfinsa ba a yin sa ba igiya, kuma a matsar da ƙananan yara daga gefe.

Ana iya karawa da wasu ta intanet?

Ba kai tsaye ba. Abin da intanet ke yi shi ne ɗora sakamakonka a jerin gwanaye na duniya. Karawar gaske a ɗaki ɗaya take, har mutum huɗu, kuma a ganina hakan ya fi dacewa da shi: wasa ne na zaure cike da 'yan kallo da ihu.

Mai son saye me ya kamata ya duba?

Abu na farko, Wii a kulle take da yanki. Na'urar da aka sayo daga Amurka ba ta karanta faifan Turai, ta Turai ma ba ta karanta na Amurka. Wanda ɗan'uwa zai aiko masa da faifai daga Ingila ya fara duba daga ina na'urarsa ta fito. Na biyu, na'urar da rimot ɗaya da Nunchuk ɗaya take zuwa, kuma wasu fannonin suna buƙatar duka biyun ga kowane ɗan wasa, don haka mai son gasar mutum huɗu ya yi lissafin ƙarin uku-uku. Kowane rimot yana cin batir biyu, gara a tanadi masu caji. Sannan a share fili a gaban talabijin, yadda mutum huɗu za su miƙa hannu ba tare da sun bugi juna ba.