Waiwaye: Shekara 100 ana kare mai gyaran wuta daga rabin haɗarin aikinsa

Duk sanda labari ya fito cewa wani ma'aikacin lantarki ya ƙone a gaban fanel, wato akwatin rarraba wuta, gardamar da ke tashi ba ta canzawa. Wasu su ce ganganci ya yi, ai an ba shi kayan kariya ya ƙi sawa. Wasu su ce kayan ne jabu, ko kuma nauyinsu da zafinsu ba sa barin mutum ya yi aiki. Masu biyan kuɗin kayan su ma suna nasu ƙorafin: daga ina aka samo wannan sabon yayi na riguna masu tsada, alhali tsofaffin ma'aikata sun ƙare rayuwarsu suna buɗe fanel da safar roba da sukudireba? Maganar ba yau ta fara ba, kuma wanda bai san inda ta faro ba zai yi ta ɗora laifi a inda bai dace ba.

Farkon labarin sananne ne. A 1882 tashar lantarki ta Thomas Edison ta fara aiki a birnin New York, kafin a ankara wayoyi sun cika tituna, masu hawa turakun wuta suna ta mutuwa. Ma'aikatan suka kafa ƙungiyarsu a Amurka a 1891, aka fitar da kundin ƙa'idar haɗa wayoyi na ƙasar a 1897. Daga baya Charles Dalziel na jami'ar Kalifoniya ya auna yadda lantarki ke bi ta jikin ɗan Adam, ya nuna cewa daga kusan miliampiya 16 matsakaicin namiji ba ya iya sakin wayar da ya riƙe. Duk kariyar da aka ƙera a wancan zamani tambaya ɗaya take amsawa: yaya za a hana wuta ta ja mutum? Safar roba, shimfiɗar roba, kayan aiki masu rufaffen mariƙi, duk domin wannan aka yi su.

Sai dai akwai ma'aikatan da ake kaiwa asibiti da mummunar ƙuna, fuska da ƙirji da hannuwa, alhali ko waya ba su taɓa ba. Akan rubuta cewa hatsarin lantarki ne, a wuce wurin. A 1982 ne wani injiniya mai suna Ralph Lee, wanda ya daɗe yana aiki a masana'antar sinadarai, ya wallafa maƙala a mujallar ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE, ya ce akwai haɗari na biyu da aka yi sake da shi. A nan tarihin ya karkata, kuma kaɗan ne daga masu gardamar yau suka san da wannan maƙala.

Abin da Lee ya bayyana shi ne tsallen wuta ta cikin iska. Sifana ta suɓuce ta faɗa tsakanin sandunan jan ƙarfe biyu, ko tsinin mita ya zame, ko ƙura da danshi su taru a kan abin da ke raba layuka. Da zarar wuta ta sami hanya, iskar da ke tsakani takan rikiɗe ta zama mai ɗaukar lantarki, dubban ampiya su bi ta cikinta. Zafin da ke bakin wannan tsalle na iya kaiwa kusan digiri 19,000 a ma'aunin Salshiyos, ya ninka na saman rana fiye da sau uku. Jan ƙarfe idan ya koma tururi yana kumbura kusan sau 67,000, shi ya sa ƙofar fanel ke tashi sama, narkakken ƙarfe ya fallatsu, ƙara ta fasa dodon kunne. Duk wannan cikin ƙasa da daƙiƙa guda.

Muhimmancin aikin Lee ba a siffanta abin ya tsaya ba, domin duk wanda ya taɓa gani ya san yadda yake. Lissafi ya kawo. Ya nuna cewa zafin da zai sauka a fatar ma'aikaci ya dogara ne a kan abu uku: yawan wutar da layin zai iya turowa idan an sami gamuwa, wato layuka suka haɗu kai tsaye, tsawon lokacin da bireka ko fiyus zai ɗauka kafin ya yanke, da nisan mutum daga wurin. Daga nan ya fitar da tazarar da, idan mutum yana bayanta, ƙunar da zai samu mai warkewa ce. Abin da ake ɗauka ƙaddara ce kawai ya zama abin da za a iya zama da takarda da biro a auna kafin a kwance ko da noti ɗaya. Wasu masu bincike suka haɗa wannan da aikin Alice Stoll, wadda ta yi wa rundunar ruwan Amurka nazarin yadda zafi ke ƙona fata. Daga nan aka tsayar da iyakar da ake amfani da ita har yau: kalori 1.2 a kowane murabba'in santimita, wato inda fata ke fara yin bororo. Kwatankwacin mutum ya ɗora yatsa a saman harshen wutar laita na daƙiƙa ɗaya da ɗan ɗori.

Akwai wani abu da wannan bincike ya tona wanda ya fi komai ɗaga hankali. Sau da yawa ba tsallen wutar ne ke yi wa mutum babbar illa ba, rigarsa ce. Tsallen yana ƙarewa nan take, amma rigar da ta kama tana ci gaba da ci a jikinsa. Nailan da foliyesta narkewa suke yi su manne da fata. Auduga ba ta narkewa, amma tana kamawa ta yi ta ci. Ga ma'aikaci sanye da safar roba sabuwa fil, yana tsaye kan shimfiɗar roba, ya cika duk ƙa'idar zamaninsa, amma abin da ke ƙirjinsa makamashi ne.

Duk da haka sai da aka shekara 13 kafin lissafin ya shiga ƙa'ida. Kundin NFPA 70E na ƙa'idar tsaron ma'aikatan lantarki a Amurka, wanda ya fara fitowa a 1979, bai sa iyakar kariya daga wannan ƙuna ba sai a bugun 1995. Gwaje-gwajen da aka yi a ƙarshen shekarun 1990 suka nuna cewa idan tsallen ya faru a cikin akwati, kamar fanel, bangon akwatin yana tattaro zafin ya feso shi ta ƙofa, daidai inda ma'aikaci ke tsaye, har ya ninka na fili. A 2002 ƙa'idar IEEE mai lamba 1584 ta fito da hanyar lissafi da aka gina kan gwaji, aka sabunta ta a 2018.

Kayan yau kashi biyu ne, kuma ɗaya ba ya ɗauke wa ɗaya. Na hana jan wuta: safar roba mai aji. Aji 00 na bolt 500 ne, aji 0 na bolt 1,000, har zuwa aji 4 mai bolt 36,000. Ana ɗora mata safar fata a sama domin kada tsinin waya ya huda ta. Kafin kowane aiki a naɗe ta daga wuya, iska ta taru a yatsu, a kara a kunci a ji ko tana fitar da iska. Rana da mai da ninkewa suna tsattsaga roba, kuma a ƙa'idar Amurka duk wata 6 ake mayar da ita gwajin lantarki. Sukudireba da filaya su zama masu hatimin bolt 1,000. Mita ta zama mai ajin CAT III ko CAT IV, wato wadda ke jure tashin wuta na bazata, domin mita mai arha da kanta tana iya fashewa a hannu ta haddasa tsallen.

Na hana ƙuna kuma mataki huɗu ne: kalori 4, 8, 25 da 40 a kowane murabba'in santimita. A mataki na biyu ana buƙatar riga mai dogon hannu da wando na yadin da aka gwada, garkuwar fuska da rufin kai da wuya, hular kwano, tabarau, abin toshe kunne da takalmin fata. Na huɗu cikakkiyar shiga ce mai murfin kai. Singiletin ciki ta zama ta auduga zalla. A cire zobe, agogo da sarƙa. Kada a wanke rigar da bilic, kada a sa ta da maiƙo a jiki, kada a naɗe hannunta don zafi. Kuma lambar da ke jikin riga ba alkawari ba ce: a daidai wannan adadi, gwaji ya nuna yiwuwar ƙuna kashi 50 cikin 100 ce, don haka dole lambar rigar ta haura abin da lissafin fanel ɗin ya bayar.

A nan ne gardamar ke kauce hanya. Ana ta magana kan riga, an bar lokaci. Birekar da ya kamata ta yanke cikin daƙiƙa 0.05, idan ta shekara goma ba a motsa ta ba, girisinta ya daskare, tana iya ɗaukar rabin daƙiƙa. Zafin ya ninku sau goma ke nan, rigar kalori 8 ta zama ba komai ba. Idan an sauya tiransifoma da babba, ko an ɗaga saitin bireka domin ta daina faɗuwa, tsohuwar lambar kalorin da aka lissafa aka manna a ƙofar fanel ta tashi aiki. Wani lokaci ma ƙarancin wutar gamuwa ya fi muni, domin bireka ba ta gane ta da wuri, sai ta yi jinkiri. Babu ɗaya cikin waɗannan da ke hannun ma'aikacin da aka turo ya buɗe ƙofa. Fanel ɗin da ba a taɓa yi masa lissafi ba, ba wanda ya san wace riga ce ta dace da shi.

Sannan ga tambayar da ta riga duk kaya: me ya hana a kashe wutar? Dokar Birtaniya ta 1989 ta hana aiki a kan wuta sai idan kashewar ba ta yiwu bisa hankali. NFPA 70E a bugun 2018 ya jera matakan rage haɗari a cikin ƙa'idar kanta, kawar da wutar a sama, kayan kariya a can ƙasa. Gudun tsayar da injuna na awa ɗaya ba hujja ba ce, amma ita ce hujjar da aka fi bayarwa.

Ko an kashe ma, ba a cire kayan kariya tukuna. Fanel yana nan a matsayin mai wuta har sai an tabbatar. A yanke daga tushe, a sa kwaɗo da alama, mabuɗi ya zauna a aljihun mai aikin. A duba ko janareto, sola ko batir na iya mayar da wuta ta baya, a jira kafasito, masu riƙe caji, su sauke. Sai a gwada mita a inda aka san akwai wuta, a gwada kowane layi da ɗan'uwansa da kuma ƙasa, a sake komawa wurin farko a tabbatar mitar ba ta mutu a tsakani ba. Duk wannan gwaji da safa da garkuwar fuska ake yin sa, sai an gama za a cire.