Dokar shekara 16 a wasan lanƙwasa jiki: abin da ta ce, da abin da ake jingina mata

Duk lokacin da gasar Olamfik ta zagayo, ko wani tsohon bidiyo ya sake yawo a wayoyi, sai maganar ta tashi. A nuno wata 'yar mitsitsiyar yarinya tana alkafura a kan siririn katako, a ce wannan ai ba ta fi shekara goma ba, maguɗi ne. Wani ya ce dokar Olamfik ta hana duk wanda bai kai 16 ba shiga gasa. Wani ya ƙara da cewa ai an kama 'yan wasan Sin a 2008, an ƙwace zinarensu. Cikin maganganun nan uku babu wadda take daidai yadda ake faɗarta, duk da cewa maguɗin shekaru a wannan wasa ba ƙage ba ne, an yi shi, an kuma kama wasu.

Kwamitin Olamfik na duniya, IOC, bai ƙayyade shekarun kowa ba. Kundinsa ya bar wa hukumar kowane wasa ta sa nata ƙa'idar. Shi ya sa Quan Hongchan ta Sin ta ci zinare a wasan tsunduma cikin ruwa a Tokiyo tana da shekara 14, ba wanda ya ce mata uffan. Wasan lanƙwasa jiki kuwa yana hannun hukumar FIG mai mazauni a Lozan ta ƙasar Suwizalan, ita ta ce sai mace ta kai 16, namiji 18, kafin su shiga gasar manya.

Inda ake yawan ruɗewa shi ne yadda ake ƙirga wannan 16 ɗin. Dokar ba ta ce sai yarinya ta cika 16 kafin ranar gasa ba. Cewa ta yi ta cika su a cikin shekarar da ake gasar, ko da kuwa a ranar ƙarshe ta Disamba ne. A gasar Faris ta 2024, sharaɗin shi ne a haifi yarinya kafin ƙarewar 31 ga Disamba 2008. Wadda aka haifa a watan Disamban 2008 za ta iya fitowa a watan Yuli tana da shekara 15 da wata bakwai, kuma ba ta karya komai ba. Don haka in ka ji mai sharhi ya ce "'yar shekara 15", kada ka yi saurin kiran ɓarawo, duba watan haihuwarta tukun.

Wannan sharaɗi yana da kaifi biyu. Wadda aka haifa ranar 1 ga Janairu 2009, kwana ɗaya tal a bayan waccan, sai ta jira shekara huɗu. Simone Biles ta Amurka, wadda aka haifa a watan Maris 1997, ba ta je Landan a 2012 ba saboda a shekarar 15 take cikawa. Nastia Liukin ma haka ta rasa gasar Atina ta 2004. Wasu kuwa sa'a ta faɗo musu: da annobar korona ta sa aka ɗage gasar Tokiyo zuwa 2021, waɗanda aka haifa a 2005 suka samu shiga, har Viktoria Listunova ta Rasha ta koma gida da zinaren ƙungiya a gasar da a ƙa'ida ba za ta taɓa shiga ba.

Masu cewa "to Nadia Comaneci fa?" su ma suna da amsa. Gaskiya ne tana da shekara 14 lokacin da ta samu cikakken maki 10 a Montiriyal a 1976, amma a lokacin 14 ɗin ce ƙa'ida. A 1981 aka ɗaga zuwa 15, a 1997 aka kai 16. Doka ba ta komawa baya ta kama wanda ya bi ta zamaninsa.

Wanda ya saba da ƙwallon ƙafa zai ɗauka rage shekaru ake yi, kamar yadda ƙaton saurayi mai gemu yake shiga cikin 'yan ƙasa da 17. A nan akasin haka ne, ƙari ake yi. 'Yar 13 ko 14 ake mayarwa 16. Dalilin a jikin yarinyar yake: kafin ta balaga ba ta da nauyi, gajeriya ce, tana saurin juyawa a iska, kuma tsoro bai shige ta ba kamar wadda ta taɓa faɗuwa ta karye. Ga kuma hanzarin masu horarwa, waɗanda suke ganin in an jira shekara huɗu jikinta zai canza, damar ta wuce. Abin da dokar ta zo karewa ke nan, ƙashin yara da bai gama ƙwari ba, da ƙwaƙwalwar da bai kamata a ɗora mata nauyin tutar ƙasa ba.

To da me ake tabbatar da shekarun? Da takarda. Fasfo, katin shaida, rajistar haihuwa. Fuska ba ta cikin lissafi, tsawo ma haka, kuma dole ne hakan, don wasan kansa gajerun mutane yake zaɓa, horon da ake fara shi tun ana ƙanana kuma kan jinkirta balaga. Mace 'yar 19 a wannan fage tana iya kama da 'yar makarantar firamare. Hoton MRI na wuyan hannu, wanda FIFA take amfani da shi a gasar 'yan ƙasa da 17, an yi shi ne don gano wanda ƙashinsa ya gama haɗewa, wato wanda ya wuce. Ba ya bambanta 'yar 14 da 'yar 16, balle a wuyan hannun da ya shafe shekaru yana ɗaukar nauyin jiki. Tun 2009 FIG ta fito da lasisi, kowane ɗan wasa sai an yi rajistar ranar haihuwarsa tun yana gasar ƙanana, don kada a wayi gari shekarun su yi tsalle. Dabara ce mai kyau, sai dai rauninta a fili yake: gwamnatin da take son lambar ita ce mai buga fasfon. An ba kura ajiyar nama.

Abin da ya faru a Beijin a 2008 ke nan. Fasfon He Kexin, 'yar wasan Sin, ya ce an haife ta ranar 1 ga Janairu 1992. 'Yan jarida da masu bincike a intanet suka tono tsofaffin jerin sunaye na hukumomin wasanni na Sin da suka rubuta 1994, da wani rahoton kamfanin dillancin labarai na Xinhua na 2007 da ya kira ta 'yar shekara 13. Hukumomin Sin suka ce kuskuren rubutu ne. FIG ta karɓi fasfo da katin shaida da rajistar iyali na 'yan wasan, kuma a watan Oktoban 2008 ta ce ta gamsu sun kai shekarun. Zinaren ƙungiya da na He Kexin a kan sanduna biyu suna hannunsu har yau. Mutum yana da damar ya ci gaba da shakka, ni ma ban ga yadda kuskure ɗaya zai maimaita kansa a takardu daban-daban ba, amma shakka daban, hukunci daban. Wanda ya ce an ƙwace lambobin 2008 ya haɗa labari biyu ne.

Wadda aka ƙwace ta gasar Sidni ce ta 2000, kuma yadda asirin ya tonu abin mamaki ne. Dong Fangxiao ta Sin ta yi wasa a Sidni da takardar da ta ce 1983 aka haife ta. Bayan shekara takwas ta zo aiki a gasar Beijin a matsayin jami'a, sai takardar izinin aikinta ta nuna 1986. Ke nan 14 take da shi a Sidni. FIG ta soke sakamakonta a watan Fabrairun 2010, IOC ta karɓe tagullar ƙungiyar Sin a watan Afrilu, aka miƙa wa 'yan Amurka da suka zo na huɗu, shekara goma bayan an tashi daga wasa. Abokiyar wasanta Yang Yun ta taɓa faɗa da bakinta a talabijin cewa ita ma 14 take da shi a lokacin, daga baya ta ce suɓutar baki ce. Da yake babu takardar da ta ci karo da wata, gargaɗi kawai aka yi mata, tagullarta ta sanduna tana nan. Ka ga dai takarda ce take kama takarda.

Koriya ta Arewa sau biyu tana faɗawa. Kim Gwang-suk, wadda ta ci zinaren duniya a 1991, shekara uku a jere ana rubuta ta 'yar 15, sai aka hana ƙasar zuwa gasar duniya ta 1993, amma ita ba a taɓa lambarta ba. A 2010 aka tarar Hong Su-jong ta yi rajista da shekarun haihuwa uku, 1985 da 1986 da 1989. Wannan karon FIG ta dakatar da ƙasar baki ɗaya har shekara biyu, abin da ya haɗa da gasar Landan. Daniela Silivas ta Romaniya kuwa da kanta ta bayyana a 2002 cewa jami'ai sun mayar da shekarar haihuwarta daga 1972 zuwa 1970, tana 'yar 13 ta ci zinaren duniya a 1985. Babu abin da aka karɓe mata.

Hukuncin dai hawa-hawa ne: a soke sakamakon ɗan wasa, a karɓe lambar ƙungiyar da ya yi wa wasa, a ci hukumar ƙasarsa tara ko a dakatar da ita. A takarda ya yi daidai. Amma dubi wanda yake kwana a ciki. Yarinya 'yar 13 ba ta san hanyar ofishin fasfo ba, miƙo mata ake yi a ce daga yau ga shekarunki. Sunanta ne ya shiga tarihi a matsayin mai maguɗi, na jami'in da ya buga hatimin kuwa ba wanda ya sani. Abokan wasan Dong biyar sun rasa tagulla. Ri Se-gwang na Koriya ta Arewa, namiji ne babba da ba ruwansa da takardun wata, ya rasa Landan, sai a Riyo a 2016 ya samu ya ci zinarensa. Dakatar da hukuma ya fi kusa da adalci don aƙalla ya taɓa masu laifin, amma shi ma kan 'yan wasa yake saukewa.

Akwai kuma abin da dokar ba ta taɓa ba sam. Ta hana 'yar 14 fitowa gaban duniya, ba ta hana a sa ta irin horon 'yar 20 a bayan ƙofa ba, ga gasar ƙanana kuma ana yi da salon alkafura masu haɗari iri ɗaya. Abin da ya rage kwaɗayin ƙananan yara, a ganina, sauyin maki ne na 2006, da aka ajiye tsarin 10 aka koma ba da lada kan wahalar abin da aka yi, wanda yake buƙatar ƙarfin babbar mace. Biles tana da shekara 27 ta lashe gasar mutum ɗaya mai haɗa dukkan fannonin wasan a Faris, Rebeca Andrade ta Birazil da ta bi mata tana da 25. Wannan ya ƙarfafa masu kiran a daidaita mata da maza a kan 18. Hukumar wasan zamiya a kan ƙanƙara ta riga ta motsa: bayan rikicin haramtaccen magani na Kamila Valieva ta Rasha, 'yar shekara 15, a gasar hunturu ta Beijin a 2022, ta ɗaga nata daga 15 zuwa 17 a hankali. A gasar Faris, ƙa'idar FIG ga mata tana nan a kan 16.