Tsadar hatsi a karkara: me ciyaman da kansila za su iya yi?

Ƙaramar hukuma na da ikon yanke farashin kwanon gero ko masara?

A'a. Farashi yana bin yawan hatsin da ya shigo kasuwa, da kuɗin mota, da farashin taki. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin dakon buhu ya tashi ko'ina, kuma wannan ya fi ƙarfin kowane ciyaman. Ko ya sa a yi shela a karya farashi, 'yan kasuwa sai su kwashe kayansu su nufi kasuwar gaba.

To ina hannunta yake kaiwa?

Kundin tsarin mulki na 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi kafa kasuwanni da tashoshin mota da mayanka, da kula da su, da gyaran hanyoyin cikin yankinsu. Nan ne tsada take shiga buhu kafin ya kai ga mai awo.

Duba manomin da ke wani ƙauye a Taura ta Jihar Jigawa, yana son kai gero kasuwar Gujungu. Idan ruwa ya cinye kwalbati ɗaya, mota ba ta shigowa, sai amalanke ko babur ya fitar da buhu ɗai-ɗai zuwa bakin titi. A hanya ya tarar da masu yankar rasit, a ƙofar kasuwa a sake karɓa, ga ladan dillali. Duk wannan kuɗin, matar da ta aiko yaro da kwano ita ce take biya. Ni a ganina, gyara kwalbatin nan da haɗe harajin ya zama rasit guda ya fi rabon shinkafar kwana ɗaya amfani nesa ba kusa ba.

Akwai kuma maganar awo. Kwanon da aka bubbuge gindinsa sata ce a fili. Sarkin kasuwa da ma'aikatan ƙaramar hukuma suna iya tsayar da kwano guda mai hatimi, kuma wannan ba ya cin wani kuɗi.

Masu ɓoye abinci fa?

A Fabrairun 2024 hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da cin hanci ta Jihar Kano ta rufe wasu rumbunan ajiya a Dawanau, cikin Dawakin Tofa, bisa zargin ɓoye kaya. Aikin jiha ne wannan. Abin da ya fi damuna shi ne ƙaramin manomi: bashin taki ya sa ya sayar da arha da kaka, ya dawo yana sayen gerin nan da tsada tsakiyar damina. Da ƙaramar hukuma za ta sayi hatsi da kaka, ta adana a kowace mazaɓa, ta fitar da shi a watan Yuli da Agusta kan farashi mai sauƙi, da gidaje da yawa sun huta.

Akwai kuɗin yin haka?

Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Duk wanda ya haɗu da kansilan mazaɓarsa a masallaci ko wajen ɗaurin aure, ya tambaye shi nawa aka ware wa hanyar kasuwa bana, kuma wa ke riƙe da makullin rumbun.